Masu ɗaukar hoto na Kubwa: kafin ku sayi sabuwar kwamfuta



Matasanmu da dama a nan Kubwa da kyamara suke cin abinci: ɗaurin aure, suna, walimar sauka, da hotunan masu yi wa ƙasa hidima duk lokacin da aka buɗe sansanin NYSC. Kukan da na fi ji a bakinsu shi ne kwashe hotuna daga memori zuwa kwamfuta yana cin lokaci, mai biki na ta kira a waya, ga wuta tana iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Daga nan sai mutum ya fara tara kuɗin sabuwar laftof. A ganina, yawancinsu ba laftof ce matsalarsu ba.

Abu uku ne ke aikin tare: memorin, kad-ridar da ake saka shi a ciki, da ramin USB na kwamfuta. Wanda ya fi nawa a cikinsu shi ke yanke saurin duka.

USB 2.0, wanda ya fito a 2000, a aikace ba ya wuce megabait 35 zuwa 40 a daƙiƙa. USB 3.0 na 2008 ya ninka shi kusan sau goma a takarda, kuma sau da yawa cikin raminsa shuɗi ne. Memorin SD mai alamar UHS-I, wanda aka fi amfani da shi, iyakarsa megabait 104 a daƙiƙa. Ku yi lissafi: memori mai gigabait 64 cike da bidiyon biki zai ci kusan minti 30 ta USB 2.0. Idan memorin na iya 90 kuma an bi ta USB 3.0, kimanin minti 12 ne.

To saurin yana da amfani, amma da sharaɗi. Tsohon memori mai karanta megabait 20, ko a wane rami aka sa shi, 20 ɗin zai bayar. Haka kuma kad-rida mai araha ta USB 2.0 za ta shaƙe memori mai kyau ko da kwamfutar sabuwa ce dal. Shi kuwa UHS-II mai layi biyu na haƙora a bayansa, wanda ke kaiwa 312, sai da kad-ridar da aka yi dominsa.

Shawarata: duba laftof ɗinka, mai yiwuwa ramin USB 3.0 na nan ba ka lura ba. Idan za ka shiga Banex a Wuse 2, kad-rida ta USB 3.0 za ka nema tukuna, ka gwada ta da memorinka a gaban mai shago. Ka kuma guji memorin da arharsa ta yi yawa, domin na jabu yana nuna girman da ba shi da shi, kuma hotunan auren mutane ba a sake ɗaukarsu. Kada ka goge memori sai ka ajiye aikin a wuri biyu.

Masu sana'ar, ku faɗa mana a ƙasa wace kad-rida kuke amfani da ita. Allah ya sa albarka a nema.