Mickey ya iso Filinge, ina Gizo?

Jama'a, Mickey, ɓeran nan da Walt Disney ya fito da shi a Amurka a 1928, ya daɗe da shiga jakar ƴan lakwal na Filinge. Yayyenmu Kouakou suka karanta, shi ma da faransanci. Ban ƙi ba, hoto ne ke jan yaro zuwa karatu. Amma tun da darajar sefa ta faɗi a 1994, sabon littafin Faransa ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, sai kwance daga Yamai.

Gizo da Ƙoƙi kuwa, kowace kaka a Kurfai ta san su, ba sa neman tafinta. Alhazanmu masu sayo littattafai daga Kano, me ya hana ku ɗauki nauyin mai zane ko guda?