Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi

'Yan'uwa ɗalibai, na san shafukan nan sun saba da manyan maganganu: kuɗin makaranta, yajin aiki, tsadar abinci, da halin da shugabanni suka jefa talaka a ciki. Yau ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana da wataƙila za ku ce ƙarama ce, domin wadda abin ya shafa ba ta wuce shekara shida ba, ba ta da ƙungiya, ba ta da kakaki, ba ta kuma iya rubuta takardar koke ba.

A hutun da ya wuce na sauka gida Kabara, na tarar gidan yayata ya hargitse kamar ana shirin kai amarya. Tela na shiga, mai lalle na fita. Da na tambayi dalili, sai aka ce makarantar kuɗin da 'yarta ke zuwa ce za ta yi bikin ƙarshen shekara, za a yi Ranar Al'adu da gasar rawa tsakanin azuzuwa, kuma an zaɓi yarinyar cikin masu koroso. Mako uku cur, da ta dawo daga boko ta wuce Islamiyya, da ta dawo daga Islamiyya a kunna kiɗa a waya a tsakar gida, a ɗaura mata kacau-kacau a ƙafa, ta yi ta maimaita taku ɗaya har bayan isha'i. Uwar har wani saurayi ta ɗauko tana biyansa yana ƙara mata darasi, wai koyarwar makaranta ta kowa da kowa ce. Abin da aka kashe tsakanin anko, kwalliya, kuɗin biki da ladan mai koyarwa, ya kusa mafi ƙarancin albashin nan na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024.

Ranar gasa na bi su. An kafa rumfuna domin iyaye, yara kuwa suna jere a rana tun hantsi, saboda babban baƙo bai iso ba sai wajen azahar. An lafta wa yarinya hoda da jan baki da gashin kanti, har sai da na dube ta sau biyu kafin in gane ta. Da aka zo kansu, ta yi rawarta daidai gwargwado, amma wajen wani juyi ƙafarta ta zame, ta faɗi, ta tashi ta ci gaba. Suka zo na uku. A cikin adaidaita sahu muna komawa, uwar ba ta dube ta ba sai sau ɗaya, ta ce, "Kin kunyata ni a gaban mutane. 'Yar wance da ba ta kai ki komai ba, ita ta ɗauki kofi." Na ce, "Haba Yaya, yarinya ce fa." Ta ce, "Kai yi mini shiru, ba ka haifa ba balle ka san zafin abin." Da dare yarinyar ta same ni a zaure, ta ce, "Kawu, in na ci ta baɗi Umma za ta daina fushi da ni?"

Ku riƙe kalmar nan ta "kin kunyata ni", domin ita ce ta tona asirin al'amarin gaba ɗaya. Wanda ya ji kunya shi ne ya shiga gasa. Yaran nan dawakin sukuwa ne kawai. Masu dawakin suna can cikin inuwar rumfa suna hararar juna. Mai makaranta ya karɓi kuɗin biki, ya kuma sami hotunan da zai yi tallar makarantarsa da su. Tela da mai kwalliya da mai ɗaukar hoto sun ci kasuwa. Uba ya fito fili ya yi liƙi da sababbin kuɗi an kira sunansa a lasifika. Uwa ta sami bidiyon da za ta tura wa dangin miji da kishiya ta WhatsApp, in ya yi kyau a ɗora a TikTok. Ita kuwa mai rawar, rabonta kumburin ƙafa da tsoron fuskar uwarta. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi!

Kada wani ya yi hanzarin cewa ga wani mai ƙin rawa ya fito. Ko kusa. 'Ya'yan Hausawa sun daɗe suna rawa tun kafin a san kofi. Duk wanda ya tashi a lungunan cikin birni, daga Kabara zuwa Mandawari da Yakasai, in ma bai riski zamanin ba ya ji labarin dandali a bakin iyayensa mata: farin wata ya fito, 'yan mata sun ja layi kamar baka suna tafi suna gaɗa, ɗaya ta fito tsakiya ta taka, ta juya baya ta saki jiki ta faɗo, sauran su cafe ta su cilla ta sama ta dira. Ku dubi tsarin wasan nan da kyau. Babu alƙali, babu maki, babu ta ɗaya balle ta uku. Kowace yarinya layi zai zo kanta, gwana da wadda ba ta iya ba. Faɗuwa ma cikin wasan take, kuma aikin sauran shi ne kada su bari ta kai ƙasa. Uwa tana cikin gida tana harkarta. In ta leƙo, kiran barci ya kawo ta. Haka tashe cikin azumi: yara ke haɗa kayansu da tsumma da auduga da bula, su ke zagaya gidaje, su ke raba ɗan abin da suka samu. Wasan nasu ne tun daga farko har ƙarshe. Abin da muka yi a yau shi ne mun ƙwace musu wasan, mun sa masa farashi, sa'an nan muka sayar musu da shi a kan sharaɗin su ciyo mana suna.

Ita kanta koroson da ake sa 'yan shekara shida, ba wasan dandali ba ce. A shekarun 1970 aka harhaɗa ta a Kano daga tsofaffin raye-rayen Hausa da Fulani domin bukukuwan nuna al'adu, kuma ƙwararrun 'yan wasa irin na Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa suka fito da sunanta. Rawa ce ta bibbiyu, mai tsalle da lanƙwasa da ɗaukar juna, wadda ke son ƙashi da ya yi ƙwari. Yara su kwaikwaye ta don nishaɗi, ba laifi. Amma a tsare su a ce sai sun yi ta yadda manya ke yi, a ba su maki a kai, wannan ɗora wa ɗan jaki kayan raƙumi ne.

Shi wannan tsari na alƙalai da lamba da kofi a kan rawar yara, aro muka yi, kuma ko aron ba mu yi shi cikakke ba. A garin Blackpool na Ingila, tun 1920 ake babbar gasar rawar Turawa ta mace da namiji, daga baya aka ware wa yara tasu, inda 'yan ƙasa da shekara 12 ke da rukuninsu. Su ma can sun ga abin da zumuɗin iyaye ke haifarwa, shi ya sa dokokin gasar 'yan wannan rukuni suka ƙayyade sutura: riga marar ƙyalƙyali, takalmi marar tsini, don kada aljihun uba ya zama shi ke rawa. Faransa a 2014 ta haramta gasar sarauniyar kyau ga 'yan ƙasa da shekara 13, a 2020 kuma ta yi doka kan yaran da ake samun kuɗi da bidiyonsu a intanet, har ta ba yaro ikon neman a goge hotonsa. Tun kafin wannan, a Amurka, akwai Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a fim a 1921, ya tara miliyoyin daloli yana ƙarami, ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye. Ya kai su kotu a 1938, aka ƙare da abin da ya shigo hannunsa bai wuce Dala 126,000 ba, kuma a dalilinsa jihar Kalifoniya ta kafa dokar kare dukiyar yara 'yan wasa a 1939. Ban kawo waɗannan don in ce Bature ya fi mu tausayin ɗa ba. Ai da ya fi mu, da bai buƙaci doka ta shiga tsakaninsa da ɗan cikinsa ba. Na kawo su ne don a ga cewa masu abin sun ƙone sun ja da baya, mu kuwa 'yan kwaikwayo yanzu muke cusa hannu a wutar.

Na san amsoshin iyaye, domin na sha su a gidanmu. Za su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma mai tanƙwara icce ya san abin da zai yi da shi, baka ko kwando. Ku me za ku yi da wannan? Cikin iyayen da suka cika rumfar nan, mutum nawa ne zai yarda 'yarsa ta zama 'yar rawa in ta girma? Uwar da ta hana ta barci a kan koroso tana shekara shida, ita ce za ta ɗaga mata bulala in ta gan ta tana taka rawa tana shekara goma sha shida. Ashe ke nan ba sana'a ake koya mata ba, ba kuma al'ada ake gadar mata ba; ana dai morar ƙuruciyarta ne kafin ta wuce. Za su ce ai yarinyar tana so. To, me 'yar shekara shida ba ta so in ta ga shi ne ke sa uwarta murmushi? Za su kuma ce gasa tana cire wa yaro tsoron jama'a. Wanda na gani da idona, shiga gasar ce ta koya mata tsoron da ba ta da shi a da, kuma ba tsoron jama'a ba, tsoron gida.

Kada kuma a jibge laifin a kan mata kaɗai, kamar yadda muka saba. Uban da bai san ajin da 'yarsa take ba, bai taɓa buɗe littafinta ba, amma ranar biki ya ci babbar riga ya zo da bandir ɗin sababbin kuɗi, shi ma ɗan gasa ne, nasa filin ne dabam.

Akwai masu cewa a hana bukukuwan kawai a huta. Jihar Imo ta hana bikin yaye 'yan nazare a 2025 saboda nauyin da yake ɗora wa iyaye, kuma ba zan yi mamaki ba in wasu suka nemi a yi haka a nan, tunda mu a Kano hani ba ya yi mana wuya. Amma hana rawa ba zai warkar da mai cutar ba, domin cutar ba a ƙafar yaro take ba. Uban da ke auna darajarsa da kofin ɗansa, in ka rufe filin rawa zai koma kan sakamakon jarrabawa, ya doki yaro don ya zo na biyu. Zai koma gasar kacici-kacici, har musabaƙa ba zai bari ba. Najeriya tana da Dokar Haƙƙin Yara tun 2003, wadda sashenta na farko ya ce maslahar yaro ita ce gaba da komai a duk abin da ya shafe shi, Kano ma ta sa hannu a tata dokar kare yara a 2023. Amma wane alƙali ne zai saurari ƙarar yarinyar da aka yi wa fushi a cikin adaidaita sahu?

Saboda haka maganar tamu ce. Da yawa daga cikinmu a irin waɗannan makarantu muke koyon aikin malanta, a nan kuma za mu nemi abin yi bayan bautar ƙasa, kuma ba da jimawa ba mu ne za mu zauna a rumfar. Abin da za mu iya nema a taron iyaye da malamai ba shi da tsada: yara 'yan nazare da ƙananan azuzuwan firamare su yi rawarsu kowa da kowa, ba na ɗaya ba na ƙarshe, a yi ta da safe cikin inuwa, kada a jira wani babban baƙo, a bar fuskokinsu yadda suke, a hana liƙi, kada makaranta ta yi talla da hoton ɗan kowa. Mai makaranta zai ce iyaye ne ke so, iyaye su ce makaranta ce ta tilasta. A tara su wuri ɗaya a tambaye su, a ga wanda zai fara sunkuyar da kai.

Ana gobe zan dawo makaranta aka ɗauke wuta a unguwa, wata kuma ya yi haske. Can na ji tafi daga lungu, wasu 'yan mata ƙanana sun taru suna ɗan abin da ya rage musu na gaɗa. 'Yar yayata ta zo bakin zaure ta tsaya tana leƙe, ƙafarta tana motsi da kanta. Na ce mata ta je mana. Kafin ta taka dokin ƙofa muryar uwar ta fito daga tsakar gida: ta dawo ciki maza, kada ta je ta gurɗe ƙafa, alhali an ce zangon karatu mai zuwa akwai gasa tsakanin makarantu.