Riƙon Gidan Yari Ma Sai Da Karatu

Duk lokacin da fursunoni suka tsere, magana ɗaya ake ji: a ɗaga katanga, a ƙaro bindigogi. Haka aka yi ta faɗa bayan harin Owerri a Afrilun 2021, inda sama da mutum 1,800 suka fice, haka kuma bayan na Kuje a Yulin 2022. Da ruwan sama ya kayar da katangar Suleja a 2024, ambaliyar Alau kuma ta afka wa gidan yarin Maiduguri duk a shekarar, sai aka koma batun siminti. Ba na musu, gine-ginen sun tsufa. Amma ba kasafai ake tambayar irin horon da aka bai wa mutumin da aka damƙa wa makullan ba.

Dubi aikinsa a yini guda. Da sassafe za a ƙirga mutane, kuma dole lissafi ya cika. Ɗan kwangilar abinci ya kawo hatsi, sai an auna, domin in gabza ta ragu ana iya tayar da tarzoma kafin azahar. Ga masu zuwa kotu sun yi layi, mota ba mai. Ga mai tarin fuka a ɗakin da ya cika ya batse, ga matashin da ya saci waya kwance kusa da wanda ake zargi da ta'addanci, ga ganduroban da bashi ya yi wa katutu, wani fursuna mai kuɗi yana yi masa raɗa. Wannan ai riƙon gari ne. Fareti da ƙamewa ba sa koya wa mutum kasafin kuɗi, ko sasanta rikici, ko gane ma'aikacin da ya fara karkacewa.

Dokar gidajen yari da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta ƙara nauyin. Ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su aikin al'umma da sakin talala. Sashe na 12 ma ya ɗora wa Kwanturolan jiha sanar da Babban Jojin jiha idan gida ya cika, ya kuma buɗe ƙofar ƙin karɓar sabbin mutane in ba a ɗauki mataki ba. A ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na tsararru jiran shari'a suke yi, wannan babban makami ne. To amma jami'in da ya shekara ashirin yana cewa "to, ranka ya daɗe", yaushe zai iya tunkarar alƙali da takarda, in ba an koya masa dokar an kuma tsaya masa ba?

Makarantun suna nan: akwai kwalejin manyan jami'ai a Kaduna, akwai ta Ijebu-Igbo a jihar Ogun. Abin da nake so shi ne a ba su daraja irin wadda soja ke bai wa kwalejinsu ta Jaji. Kada a ba kowa riƙon gidan yarin Kurmawa ko na Kirikiri sai ya yi kwas ɗin shugabanci ya ci jarrabawa. Kada kuma kwas ya zama na masu uwa a gindin murhu, ko na wanda saura masa wata shida ya yi ritaya. Ƙa'idojin Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2015, sun ce horon ma'aikaci ba ya ƙarewa da ɗaukar aiki.

Wani abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne gyaran tsarin mulki na 2023, wanda ya bai wa jihohi ikon kafa nasu gidajen. Gwamnoni sun iya ba da kwangilar gini, wannan kowa ya shaida. Ina roƙonsu, da Ministan Harkokin Cikin Gida, kafin a aza tubalin farko a ware kuɗin horar da waɗanda za su riƙe gidan.