Wa ya biya kuɗin kofin?

Ƴan uwa, maganar yau ta shafe ni ni kaina, don haka kar wani ya ce na koma gefe ina nuna yatsa.

Watannin baya an gayyace ni Maraɗi, taron bita na kwana uku kan ƙarancin abinci a ƙauyukan Agiye, Gazawa da Gidan Rumji. Ni ne “wakilin matasa”. Kwana uku muna zaune cikin ɗaki mai sanyi, ana haska mana hotunan yara masu tamowa a bango. Ranar rufewa da yamma sai aka ce kowa ya hau mota, akwai koktel.

Aka kai mu wani gidan cin abinci mai mashaya a ciki. Ba zan faɗi sunansa ba, don mai gidan kasuwancinsa yake yi. Fitilu ja da shuɗi, kiɗa a hankali, gasasshen kifi, zabbi, soyayyen dankali. Wani saurayi a bayan kanta yana kaɗa ƙanƙara da ruwan ƴaƴan itace cikin gwangwani. Mai son barasa a zuba masa, alhazai a ba su marar barasa, launi ɗaya, ba mai gane na wani. Na duba takardar farashi: kofin da ke hannuna jika biyar. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, bayan ƙarin 2024, jika 42 ne. Kofi takwas da ɗan canji, guminka na wata guda kenan.

Na sha nawa marar barasa. Na ci zabuwa. Na sa hannu na karɓi kuɗin zaman taro. Ban fi kowa tsarki a teburin nan ba.

Da abin ya tsaya min a rai, na matsa kusa da ɗaya daga cikin masu shirya taron, na ce, “Yallaɓai, wanga duka daga wane aljihu?” Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. “Ƙanena, yana cikin kasafin furoje. In ba mu kashe shi bana ba, baɗi rage mana za a yi.” Wato da sunan yaran da muka wuni muna kallo aka nemo kuɗin, kuma dole a cinye shi kafin shekara ta ƙare. A takarda ba za ka ga giya ko zabuwa ba. “Hidimar mahalarta” za ka gani.

Yarinyar da ke kawo mana abinci ta ji harshena ta ce, “Yaya, kai na wajenmu ne ko?” Daga wani ƙauyen Gazawa take. Hatsinsu bai kai su ko rani ba, shi ya kawo ta birni. A gida an san aikin abinci take yi, ba a san akwai mashaya a wurin ba. Ta ce, “Ran da aka tashi rigima, mu za a fara jifa. Waɗanga da ka gani, motocinsu za su shiga su tafi.”

Gaskiya ta faɗa, tarihi ma shaida ne. A Nuwamban 2000, lokacin da aka yi bikin nuna tufafi na FIMA a Yamai, zanga-zanga ta ɓarke har Maraɗi. Me aka ƙona? Mashaya, ɗakunan mata masu zaman kansu, da wurin ibadar Kirista. A Janairun 2015, kan zanen jaridar Charlie Hebdo, aka sake yi a Damagaram da Yamai: mutum 10 suka mutu, coci-coci da mashaya suka ci wuta. Duk lokacin da muka fusata, ƙaramin da ke kusa muke dannewa. Amma a 2020, da binciken ma’aikatar tsaro ya nuna an yi sama da faɗi da biliyoyin sefa wajen sayen makamai, wa ya kwana a kurkuku? Ƴan farar hula da suka fito titi suna tambaya, irin su Musa Cangari da Maikul Zodi.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: “Kai yanzu mashaya kake karewa?” Hukuncin giya a addini sananne ne, kuma akwai malamai da suka fi ni sanin yadda za su faɗe shi. Wanda ya sha da kuɗin guminsa, tsakaninsa da Ubangijinsa. Wanda ya ci ya sha da kuɗin da aka roƙo don mai tamowa, wannan tsakaninsa da mu ne, ko ruwan zoɓo ne a kofinsa. Mun iya leƙa abin da ke cikin kofi, mun kasa tambayar wanda ya biya.

Wasu kuma za su ce, “Kofi nawa ne duka? Shi zai kawar da yunwa?” Ba zai kawar ba. Sai dai ku lissafa taron bita nawa ake yi a shekara tsakanin Yamai da Maraɗi, kowanne da otal, da mai na mota, da liyafar rufewa. Tun yunwar 2005, da iyayenmu suka koma cin tafasa da anza, ake zama a kanmu. Tun 2019 ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suke shigowa ƙauyukan Gidan Rumji, talaka ya raba tiyar hatsinsa da baƙo ba tare da an biya shi kuɗin zama ba. Manoman Ɗan Saga, a nan Agiye, da hannunsu suka raya kututturan gonakinsu har itatuwa suka dawo, baƙi na zuwa daga ƙasashen waje su gani. Su wa ya taɓa yi musu koktel?

Ga abin da nake nema, kuma ba ashana a ciki. Duk taron da aka kira da sunan ƙauyukanmu, a yi shi a ƙauyukanmu, ko a Agiye, tafiyar da ba ta kai awa biyu daga Maraɗi ba. Abincin a saye shi hannun ƙungiyoyin matanmu, su dama fura su yi dambu, kuɗin ya tsaya a gida. A manna kasafin taron a ƙofar ɗaki: nawa aka ci, nawa ya isa gona. Hukumomin gundumomi da sarakunanmu su daina sa albarka ga taron da ya ƙi nuna lissafinsa.

Mu kuma matasa masu digiri, mu da ake kira don a cike kujera a ɗauki hoto, mu daina sayar da bakinmu kan cinyar zabuwa. Na san zafin zaman banza, na san abin da jika goma take yi wa wanda ya gama jami’a ba aiki. Amma in an sake gayyatarka, kafin ka miƙa hannu ka ɗauki kofi, ka yi tambayar da ni ban yi ba sai da na shanye nawa. In an daina gayyatarmu saboda haka, to dama ba ra’ayinmu ake so ba.

Wanda ya taɓa zama a irin wannan tebur, ya faɗa mana nan ƙasa abin da ya gani. Ni dai na faɗi nawa.