Mai Digirin Tattalin Arziki, Ina Zai Nufa?

Wani malamin makaranta ya rubuto mana, ya ce ɗansa ya gama jami'a da digirin ilmin tattalin arziki, ya kuma gama bautar ƙasa, ga shi yau fiye da shekara yana zaune gida, yana sauraron kira daga banki. Ya ce shin in ba banki ba, ina kuma wannan ilmi ya ke da amfani?

To, Malam, mun gode. Da fari dai a san ko mene ne ilmin. Shi ne sanin yadda dukiya ta ke samuwa, da yadda ta ke zagawa tsakanin mutane, da dalilin da ya sa gero ya ke araha da kaka, ya yi tsada da damina. Duk inda a ke bukatar wannan sani, nan akwai aikinsa.

Akwai ƙofar Gwamnati, watau Babban Bankin Nijeriya, wanda ya fara aiki a 1959, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da ma'aikatun kuɗi na jihohi, da ofisoshin haraji. Akwai kamfanonin inshora da na fansho. Akwai kuma koyarwa, kada a raina ta. Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi wannan ilmi ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya ɗan koyar a can kafin ya shiga banki, har ya zama Gwamnan Babban Banki a 2009. Ita ma Ngozi Okonjo-Iweala shi ta karanta a Amurka, ta daɗe a Bankin Duniya, ta riƙe Ministar Kuɗi sau biyu, a 2021 aka ba ta shugabancin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya.

Amma fa takarda kaɗai ba ta buɗe ko ɗaya daga ƙofofin nan. Mai ɗaukar aiki zai tambaya, yaron ya iya sarrafa alƙaluma a kwamfuta? Ya iya duba lissafin shekara ya faɗi inda hasara ta ke shigowa? Ya iya rubuta bayaninsa a shafi guda, yadda kowa zai gane? In bai iya ba, wannan zaman da ya ke yi shi ne lokacin koyo.

Sa'an nan ga ƙofar da 'yan makaranta su ke ƙyama, ita ce kasuwa. Attajirin hatsi a Dawanau ta Kano yana bukatar mai tsare masa littafi, mai lura da tashi da faɗuwar farashi. Yaron da ya yi shekara a nan, ranar da banki ya kira shi, yana da abin faɗi wanda abokansa ba su da shi.

Saboda haka, Malam, ka ce masa ya tashi. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Allah ya ba shi sa'a, amin.