A Auna Ƙasar Yusufari Tun Iska Ba Ta Gama Kwashe Ta Ba

Duk mutumin Yusufari ko Nguru ko Gashuwa da ke neman abinci a Agege, ko Sabo ta Ibadan, ko Fatakwal, ya san labarin da kan zo daga gida: gonar da ta cika rumbun uba yau ba ta ci da ɗa zuwa bazara. Tun farin 1973 da na 1984 ake kukan hamada, ana dashen itatuwa, rairayi kuwa bai fasa matsowa dausayin Tulo-Tulo da Bulatura ba. Abin da ya kamata a fara sani shi ne yawan ƙasar da iska ke kwashewa daga kowace gona a shekara, domin likita ba ya ba da magani sai ya auna ciwo.

Ma'aunin kuwa yana nan kwance cikin gonakin. Lokacin da Amurka da Rasha ke gwajin bama-baman nukiliya a sararin sama, wani sinadari mai suna siziyom-137 ya watsu ko'ina a duniya, ya sauko da ruwan sama, musamman a 1963, ya manne wa lallausar ƙasar sama. Faransa ma ta fasa nata a Reggane cikin Sahara a 1960, har Nijeriya ta yanke hulɗa da ita a Janairun 1961. Abin da aka yi domin halaka yau ya zama shaida.

Ga yadda aikin yake. Masana kan haƙo ƙasa daga filin da ba a noma ba, iska kuma ba ta ci ba, su auna sinadarin da ke ciki da na'ura, sa'an nan su gwada da ƙasar gona. Inda ya ragu, ƙasa ta tafi. Inda ya ƙaru, nan iska ta jibge ta. Ba a zuba kome a gona, saboda haka babu abin tsoro ga manomi ko dabbarsa. An riga an jarraba wannan hanya a kudu maso yammacin Nijar cikin shekarun 1990, inda Adrian Chappell da Andrew Warren suka auna gonakin gero masu yashi irin na ƙasar Manga.

Amma fa lokaci na ƙurewa. Rabin sinadarin kan ɓace duk shekara 30, watau daga 1963 zuwa 2023 kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai ya saura, ƙasa mai yashi kuma ba ta riƙe shi da yawa. Kowace damina ta wuce, awon sai ƙara wuya yake yi.

Nijeriya ba ta rasa kayan aiki ba. Akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013. Lalle ne Gwamnatin Jihar Yobe da hukumar Babbar Koriyar Ganuwa su haɗa su wuri guda, a auna, a san inda shingen itatuwa zai fi amfani kafin a kashe kuɗin jama'a.

Ƙungiyoyin 'yan Arewa mazauna Kudu su ma da nasu nauyi. Su ne ke aika kuɗin taki da iri, su ne kuma za su koma waɗannan gonaki in ƙarfi ya ƙare. Wajibi ne su rubuta wa wakilansu a majalisa, su nemi a yi awon, a kuma bayyana sakamakonsa da Hausa da Barbarci. Allah Ya sa a farga da wuri.