Ɗalibin Kimiyya: Me Zai Zama, Ko Me Zai Magance?

Idan aka shiga ajin kimiyya a kowace babbar sakandare aka tambayi ɗalibai abin da suke son zama, amsar ba ta cika wuce guda biyu ba: likita ko injiniya. Idan aka ƙara tambayar wace cuta ce likitan zai yaƙa, ko kuwa me injiniyan zai ƙera, sai aji ya yi tsit. Wannan shirun shi ne abin dubawa, domin yana nuna cewa yaran sun riƙe sunan muƙami ne kawai, ba su san aikin da ke ƙarƙashinsa ba.

Lissafin shekaru ma kaɗai ya isa ya nuna nauyin al'amarin. Yaron da ya shiga ajin farko na babbar sakandare yana da shekara 15, in likita yake son zama, zai yi shekara 3 a sakandare, 6 a jami'a, 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, 1 kuma ta bautar ƙasa. In yana son ya ƙware a fanni guda, kamar tiyata ko cututtukan yara, sai ya ƙara wasu 5 ko 6. Ke nan sai ya haura shekara 30 kafin ya isa inda ya nufa, wannan ma in ba a gamu da yajin aiki irin na 2022 ba, wanda ya rufe jami'o'in gwamnati wata 8. Sha'awar farar riga da son a kira mutum "Dokta" ba za su iya ɗaukarsa wannan doguwar tafiya ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne ɗalibi ya fara da matsala, sa'an nan ya nemi sana'ar da ke magance ta. Alal misali, a ɗauki wake. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noma shi a duniya, Nijar na bi mata. Amma akwai wata tsutsa da masana ke kira Maruka, wadda ke cin fure da kwanson wake tun yana gona, har manomi kan yi feshin magani sau 6 zuwa 8 a damina guda. Masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku, tare da abokan aiki daga Ostiraliya da wasu ƙasashen Afirka, sun sa wannan tsutsa a gaba. An ɗauko ƙwayar gado daga wata bakteriya da ke zaune cikin ƙasa aka sa wa waken, yadda in tsutsar ta ci sai ta mutu. An fara gwaji a killatacciyar gona a 2009, ba a saki irin ga manoma ba sai a Disamba 2019, da sunan SAMPEA 20-T, wanda feshi 2 kan wadatar da shi. Shekara 10 cur a kan tsutsa guda! Akwai masu ɗari-ɗari da irin da aka sauya wa ƙwayar gado, kuma tambayoyinsu ma sai masanin da ya yi karatu mai zurfi ne zai iya amsa su da hujja.

Wannan aiki ya buƙaci masanin tsirrai, da masanin ƙwari, da masanin sinadarai, da mai lissafin ƙididdiga. Waɗannan kuwa su ne fannonin da ɗalibai ke ɗauka tamkar hukunci. Yaro ya nemi likitanci bai samu gurbi ba, aka tura shi ilimin tsirrai ko na ƙananan halittu, sai ya yi shekara 4 yana zaman makoki, ya fita da sakamako mai rauni. Da tun farko burinsa shi ne yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, da ya gane cewa mai nazarin sauro da mai haɗa magani da mai gwajin jini duk suna cikin rundunar. Wanda ya riƙe suna ɗaya, ƙofa ɗaya gare shi. Wanda ya riƙe matsala yana da ƙofofi da dama.

Wasu malamai kan ce yaro ɗan shekara 15 bai isa ya san abin da zai yi nan da shekara 20 ba. Akwai gaskiya a maganar, kuma ba laifi ba ne buri ya sauya. Sai dai tsarin karatu ba ya jiran yaro ya girma. A ajin farko na babbar sakandare ake zaɓen darussa, kuma hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana neman Turanci da darussa 3 da suka dace da fannin da ake so: Bayoloji da Kimistiri da Fizik ga mai son likitanci, Lissafi da Fizik da Kimistiri ga mai son injiniyanci. Wanda ya yi wa Fizik riƙon sakainar kashi saboda yana tsoron malaminsa ya rufe wa kansa hanyoyin biyu, alhali bai sani ba. Tun ran gini ran zane.

Nauyin da ke kan malamai a nan bai buƙaci kuɗi mai yawa ba. Malamin aji zai iya sa kowane ɗalibi ya rubuta matsala guda da ke damun garinsu, ko rijiyar da ke ƙafewa da rani, ko ƙudujin da ke shaƙe dawa, ko tumatirin da ke ruɓewa kafin ya kai kasuwa. Daga nan ɗalibin ya binciko masanan da ke aiki a kanta, da karatun da suka yi, ya yi ta komowa baya har zuwa darussan da ke gabansa a wannan zangon. A adana takardar, a sake duba ta a ƙarshen kowace shekara, a gyara abin da ya sauya. Makarantun da ke kusa da Zariya kuma za su iya neman izinin kai ɗalibai Samaru ko Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Shika, na yankin Filato su je Vom, inda ake haɗa allurar rigakafin dabbobi, domin yara su ga masana a bakin aiki, su tambaye su shekara nawa suka yi kafin su kai nan.